Jan Biro a Shafin Farko

Wata Alhamis ce a ƙarshen damina na taso daga Argungu da la'asar sakaliya, da ƙullin busasshen kifi a leda. Gaida Inna na je, kamar yadda nake yi duk ƙarshen wata. Ta so in kwana, na ce ina da aji da safe. Sunana Mansura, lissafi nake koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, gidanmu kuma yana unguwar Nasarawa. Na faɗi haka ne don ku san ni ba mai saurin firgita ba ce. Wadda ta shekara goma sha ɗaya tana tsayawa gaban yara saba'in ba inuwa ke razana ta ba.

Motar da na samu a tasha tsohuwar Golf ce, duk jikinta kuka yake yi. Aka sa ni a baya, jikin ƙofa. Direba ya rufe da ƙarfi, ya ce kada in wahalar da kaina neman mabuɗi daga ciki, ya karye tun bara, sai daga waje ake buɗewa. Kusa da ni wata dattijuwa ce cikin baƙin hijabi, daga ita sai maza biyu. Na gaishe ta, ta gyaɗa kai. Wani ƙarni ya buge ni, irin na taɓon bakin gulbi, na ɗora laifin a kan kifin Inna.

Kafin mu isa inda abin ya faru, bari in faɗa muku laifina, don ina da shi.

Shekara uku ke nan da yayana Mujtaba ya rasu a ruwa. Masunci ne ɗan masunci, irin wanda kan nutse ya daɗe har na bakin gaɓa su fara salati, sannan ya ɓullo yana dariya. Su uku suka shiga jirgi ranar: shi, da ƙanenmu Musaddiq, da mijina Abdussamadu da ya bi su don ya duba shinkafarsa a tsallake. Biyu suka dawo. Suka ce jirgin ne ya karkata, ya faɗa, taru ya naɗe shi. Aka ce kwana ya ƙare. Na karɓa, ban taɓa tambayar kowa komai ba.

Amma tun daga lokacin barci ya ƙaurace mini, sai na kama karatu. Ba na soyayya ba, waɗannan ba su taɓa burge ni ba. Littattafan binciken kisa nake so, da na ban tsoro irin waɗanda babu dodo a ciki sai zuciyar mutum, inda mace ke zaune lafiya a ɗakinta har ta fara shakkar ko ita ce ta bar ƙofa a buɗe. Abin da ya ɗaure ni da su guda ɗaya ne: a cikinsu ba wanda ke mutuwa haka kawai. Ko an daɗe, wani zai tara jama'a a falo ya nuna mutum da yatsa. Na ƙware har na zama abin haushi. A bainar jama'a nake bugun ƙirji cewa ni tun kafin rabin littafi nake gane mai laifi.

A wurin Labbo nake ɗaukar hayar littattafai. Rumfarsa tana bayan layinmu, kusa da kwalbatin da ke kai ruwa fadama. Shi kaɗai ya rage a unguwar, kowa ya koma karatu a waya. Wani abin mamaki, rumfar katako ce a kan ƙasa mai laima, amma gara ba ta taɓa cin ko bango ɗaya ba.

A nan na yi abokiyar gaba ba tare da na taɓa ganin ta ba.

Kun san yadda littattafan nan suke, na ɗaya, na biyu, na uku. Sai in cinye biyu a yini ɗaya, in zo da sauri jikina na rawa, a ce na uku ba ya nan.

"Wa ke riƙe da shi?"

"Wata mai karatu ta, Malama. Ta riga ki."

"Kwana nawa za ta yi?"

"Ita ba a yi mata gaggawa."

Mako guda cur take yi da abin da zan gama kafin tuwo ya nuna. In ya dawo kuma, a jiƙe. Takardun sun kumbura, kowane lungu da tambarin babban yatsa na taɓo, ga ƙarni. Ni da nake dukan tebur in yaro ya lanƙwasa gefen littafi. Na tsane ta, ba zan ɓoye ba. Na zana ta a raina: wata ƙazama ce mai karatu tana wanke-wanke.

Rannan Labbo ya kawo sabon labari mai kashi uku, na riga kowa ɗauka. Da na gama, na ciro jan biron da nake duba aikin yara da shi, na buɗe shafin farko na littafi na ɗaya, na rubuta da manyan baƙaƙe: *Matar ƙanensa ce ta sa masa guba. Yanzu sai ki yi sauri.* Na mayar. Labbo idonsa ya yi rauni, ba ya buɗe littafi, ƙirga su kawai yake yi.

Duk mai irin wannan karatu ya san babu muguntar da ta kai wannan. Na sani, shi ya sa na yi.

Sau biyar na yi haka. A karo na uku, da littafin ya dawo, na tarar an danna yatsa mai taɓo a ƙarƙashin rubutuna, da ƙarfin da har takardar ta huje. Dariya na yi. Na ƙara mata a ƙasa: *Ki riƙa wanke hannu.*

Ranar Litinin ta makon da nake ba ku labari, na iske Labbo a durƙushe yana fitar da kwali. Gara ta cinye masa layi guda, ƙasa ja ta hau har saman kanta. Littattafan nan biyar da na yi wa rubutu suna kan benci a buɗe. Bai amsa sallamata ba.

"Malama, ke kir rubuta wanga?"

"Ni ce. Sai me?"

"Kin san ko wa kit taɓa?" Ya rage murya, ya waiga wajen kwalbati. "Tun zamanin babana, kullum almuru akan aje littahi guda bisa bencin baya. Da sahe mu iske wanda anka gama. Ba mu gaisawa, ba mu tambaya. Tana karatunta, gara ba ta taɓa muna kaya. Shekara arba'in ba a samu saɓani ba sai da kiz zo."

"Aljana mai karatun boko?" na ce. "Wace firamare ta yi? A turo ta ajina in koya mata tsabta."

Ya rufe littattafan. "Kada ki sake tako rumfag ga," ya ce. Na ja tsaki na tafi. Wanda bai ji bari ba, ai kun san sauran.

To, mu koma mota.

Rana ta faɗi muna dab da Ambursa. Direba ya gangara gefen titi, wajen wani ɗan masallacin langa-langa, ya ce a yi magariba. Maza suka fita. Wata mata da ke kujerar gaba ma ta ɗauki buta ta zagaya baya. Ni ina fashin salla, sai na zauna. Dattijuwar ma ba ta motsa ba.

Kujerar baya ta zama fili, amma ba ta matsa ba. Kafaɗarta tana manne da tawa.

Fadama ta shimfiɗu hagu da dama, shinkafa ta yi kai. Kwaɗi suka fara. Hayaƙin wata murhu ya biyo iska, sauro na kuka a kunnena. Can na ji liman ya tayar da kabbara.

Sai na ji sanyi a cinyata. Na taɓa. Zanena ya jiƙe sharkaf ta gefen da take.

Na buɗe baki zan yi mata magana, don ni ba na haɗiye irin wannan. Sai na ji ƙarar takarda. Ba irin ta busasshiyar takarda ba. Wani ɗan sauti ne mai danƙo, kamar ana ɓare ganye daga laka.

Na duba. Littafi ne a cinyarta. Haske ya kusa ƙarewa, ni kaina ba zan iya karanta komai a wannan duhun ba, amma ita yatsanta na bin layi a hankali. Babban yatsan baƙi ne, faffaɗa, ruwa na ɗiga daga farcen.

Ta mayar da shafukan baya, ɗaya bayan ɗaya, har na farko.

Jan biro. Hannuna.

"Rubutunki na da kyau," ta ce. Raɗa ce, amma kamar daga cikin randa take fitowa.

Na lalubi ƙofa. Ramin mabuɗin kawai na taɓa, da ɗan guntun waya.

"Ba ki amsa ba, Malama. Ke da ba a rufe baki kin amsa."

Tsoro ya kama ni, amma hali zanen dutse. Na ji bakina ya ce, "Da kina sauri da ba a yi haka ba."

Ta yi wani sauti a maƙogwaro. Kwaɗin da ke kusa suka yi tsit.

"Mi kis sani game da sauri? Ɗiyata, mu ba mu da abin mamaki. Muna ƙalƙashin ruwa, muna bayan bango. Duk abin da ɗan Adam ya ɓoye, gabanmu yay yi shi. Cikin takarda kaɗai nika zama ban san wa yay yi ba. Shi ya sa nika tahiya sannu, kada ya ƙare." Ta shafa rubutun. "Shi kir raba ni da shi. Har sau biyar."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ni ba innarki ba ta."

A masallaci aka yi ruku'u. Na ga bayansu ta ƙofa, taku ashirin kacal daga inda nake. Na sake jan guntun wayar ƙofa, ba ta buɗe ba.

"Ban zo cutar ki ba," ta ce. "Ramuwa niz zo yi, daidai wa daida. Ni ma na san ƙarshen wani labari. Naki."

Ta rufe littafin.

"Jirgi guda. Mutum uku."

Na ƙara mannewa jikin ƙofa. Ta ci gaba.

"Taru bai naɗe shi ba. Wa ka naɗe Mujtaba da taru? Ya taso. Ya kama bakin jirgi da hannu biyu, yana tari. Guda na gaba yana jan igiya, bai waiwayo ba, har yau bai sani ba. Gudan kuwa ya duƙo."

"Ƙarya kike."

"Hannu guda yas sa bisa kainai. Ya danna. Bai ɗaga ba sai da kumfa tad daina."

"Ƙarya ne."

"Ina ƙalƙashin jirgin. Har shure ni yay yi."

Musaddiq, wanda na goya a bayana har zanena ya tsufa. Abdussamadu, uban 'ya'yana biyu, wanda ke jirana yanzu a gida. Ko wanne ta ambata, na san ba ni da sauran gida. Na kuma san kaina. In sunan ya shiga kunnena, ko malaman duniya sun taru sun ce ƙarya ne, ba zai fita ba.

Ta juyo. Ban ga fuska ba. Cikin hijabin duhu ne kawai, da wani ɗan ƙyalli kamar ruwan rijiya.

"Matso in rubuta maki shi a shahin hwarko."

Na fara Ayatul Kursiyyu. Ayar da nake biya wa yara kullum da safe. Na kai tsakiya na koma farko. Na sake, na sake ɓata.

Na toshe kunnuwa da yatsu.

Muryar ta biyo ta cikin ƙashin kaina, kamar yadda ake jin magana in an nutse.

"Sunanshi..."

Hannu mai sanyi ya kama wuyan hijabina.

Ban san yadda aka yi ba. Na dai tsinci kaina na haura kujerar direba da ciki, ƙafafuna a baya, na faɗa da ƙirji a kan sitiyari.

Hon ɗin motar ya ɓarke.

Na rungume sitiyarin. Na runtse ido.

Ta biyo ni. Na ji nauyinta a bayana, jiƙaƙƙe. Na ji leɓɓa a fatar kunnena, sanyi ƙalau. Suka motsa.

Ta faɗi sunan. Sau ɗaya.

Ban ji ba.

Sai hayaniya, sai takun gudu. Aka fizge ƙofa, direba ya janyo ni waje yana faɗa, wai na sa mutane sun yanke salla, wace irin mata ce ni. Na nuna baya. Ya haska da waya. Ba kowa. Ruwa ya kwanta a kujera har yana zuba ƙasa, ga littafin a tsakiya, an yage shafukan ƙarshe.

"Ina tsohuwar?" na ce.

Ɗaya daga mazan ya dube ni, ya dubi ɗan'uwansa. "Hajiya, mu uku munka zauna baya. Tun Argungu muna mamakin yadda kim matse jikin ƙohwa, ga wuri."

A gaba na zauna har Birnin Kebbi, matar nan ta riƙe hannuna tana tofa mini addu'a.

An yi mini duk abin da ake yi. An kira malami ya yi ruƙiyya kwana uku, ya ce babu kowa a jikina, lafiyata lau. Na gaya masa an ba ni wani labari, ban faɗi ko wanne ba. Ya ce aljani in ya faɗi gaskiya ɗaya sai ya haɗa da ƙarya ɗari, in zubar da maganar. Na yarda da shi. Har yanzu na yarda da shi. Kowa ya ce na auna arziki, na tsira.

Sai dai wanda ya saba bin sawu ba ya iya daina kallon ƙasa.

Abdussamadu bai sake cin kifi ba tun ranar da aka yi rasuwar. Shekara uku ina cewa alhini ne. Yanzu kuma na tuna Mujtaba bai so aurenmu ba, har ya taɓa ɗaga masa hannu a zauren gidanmu. Musaddiq kuwa shi ya gaji jirgin da gonar bakin gulbi da suka daɗe suna ja-in-ja a kai, kuma ban taɓa jin ya ambaci sunan yayanmu ba, sai dai ya ce marigayi. Na tambaye su, a rana daban-daban, cikin wasa, wa ke gaba yana jan igiya ranar. Kowannensu ya ce shi ne.

Nakan zauna in yi ta auna tsawon sanyin nan da ya taɓa kunnena. Wata rana in ce gajere ne, bai wuce Musaddiq ba. Washegari in rantse ya fi haka tsawo.

Na daina karatu. Littafin me zan buɗe, alhali ina kwana a cikin wanda aka yage ƙarshensa?

Bayan wata biyu na sauke girman kai na koma wurin Labbo. Na sayo masa sababbin littattafai biyar ɗin nan, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce gara ta tsaya da kanta tun daren Alhamis ɗin. Na roƙe shi abu ɗaya: in zai ajiye littafi a bencin baya, ya bar jan birona a cikin shafin farko.

"Malama, ke da kit toshe kunne, yanzu kuma nema kika yi?"

"Ka dai ajiye."

Ya ajiye. Mako bayan mako littafi na dawowa a jiƙe, biro na ciki, shafin fari tas. Har na fara cewa ta manta da ni.

Shekaranjiya da safe Labbo ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini littafin ya kau da kai. An yi rubutu da jan biro, harufa manya, a karkace, takardar ta huje a wuri biyu. Na kai shi wajen haske.

*Ai ke tun kafin rabi kike ganewa.*

Gobe Asabar Musaddiq zai zo daga Argungu, Inna ta aiko shi da shinkafa sabuwa. Abdussamadu ya ce in yi tuwo da miyar kuka, su ci tare kamar yadda suka saba. Kwano ɗaya zan zuba musu. Ni zan riƙe butar wanke hannu.